Ƙwayar HIV, Aure da Haihuwa Cikin Gidan Masu Bi

A ekklisiyoyinmu da yawa ba a ɗaura aure sai saurayi da budurwa sun kawo takardar gwajin jini. Wannan ƙa'ida ta kafu ne a shekarun da ƙanjamau ke ɗibar mutane, sa'ad da dattawa suka gaji da ganin an ɗaura aure bana, bayan 'yan shekaru kaɗan a binne ango, a binne amarya, a bar wa kaka marayu. Nufin mai kyau ne. Amma akwai tambayar da kwamitocin aure da dama ba su shirya mata ba har yau: idan takarda ta dawo, ɗaya yana ɗauke da ƙwayar HIV, ɗayan kuwa ba ya ɗauke da ita, sai me? Amsar da aka saba bayarwa ita ce a raba su. Wannan amsa ta dace da sanin da ake da shi a shekara ta 2000. Sanin likitoci ya yi nisa ƙwarai tun daga lokacin, yawancinmu kuwa muna nan inda aka bar mu, muna yanke shawarar yau da tsoron jiya.

Bari mu fara tunawa da inda tsoron ya fito, gama ba banza ya zo ba. A 1981 likitoci a Amurka suka fara ba da labarin wannan ciwo, a 1983 masana a Faransa suka gano ƙwayar da ke kawo shi, a 1986 kuma aka ba da rahoton farko a Nijeriya. Gwajin da ake yi wa mata masu zuwa awon ciki ya nuna kashi 1.8 cikin 100 a 1991, ya hau har 5.8 a 2001. A waɗannan shekaru babu magani a hannun talaka. Mutum ya rame, ya yi ta zawo da tari, ya ƙanjame, daga nan ma sunan ya fito. A kan titi kuwa "kabari kusa" ake ce masa. Sai a 2002 gwamnatin tarayya ta fara ba da magani ga manya 10,000 a cibiyoyi 25, a 2006 ta mai da shi kyauta. A 2018 aka yi babban bincike gida-gida a dukan ƙasa, aka sami kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49, kimanin mutum miliyan 1.9 ke nan idan aka haɗa da yara da tsofaffi. Kada a gwada wannan lissafi da na 2001 kai tsaye, domin ba hanya ɗaya aka bi wajen ƙidayar ba. Abin lura a cikinsa shi ne mata sun ninka maza, 1.9 da 0.9, jihohin Akwa Ibom da Binuwai da Ribas da Taraba kuma suna sahun gaba.

Aikin ƙwayar a cikin jiki

HIV dabam, ƙanjamau dabam. HIV ita ce ƙwayar. Idan ta shiga jini takan nemi wasu fararen ƙwayoyin jini da likitoci ke kira CD4, waɗanda su ne masu tsaron jiki, ta shiga cikinsu ta hayayyafa, ta kashe su. Lafiyayyen mutum yana da 500 zuwa 1,500 a ma'aunin da ake aunawa. Sa'ad da suka sauka ƙasa da 200, garkuwa ta karye ke nan, sai tarin fuka da sanƙarau da zawo marar tsayawa su sami ƙofa a buɗe. Wannan matsayi ne ake kira ƙanjamau. Tarin fuka shi ne ya fi kowane ciwo kashe masu ɗauke da ƙwayar.

Daga shigar ƙwaya zuwa wannan matsayi yakan ɗauki shekara 8 zuwa 10 idan ba a sha magani ba. Aikinta irin na gara ne a cikin azara: daga waje itace lafiya lau, ciki kuwa ana ci. Mutum yana noma, yana waƙa a ƙungiyar mawaƙa, yana da ƙiba da ƙarfinsa, bai san kome ba. Saboda haka ba a gane mai ita da ido, ba a kuma gane ta da halin mutum. Gwaji kaɗai ke nunawa.

Inda take bi, da inda ba ta bi

Ruwan jiki huɗu ne ke ɗaukarta: jini, maniyyi, ruwan gaban mace, da nonon uwa. Tilas ne kuma ɗayansu ya sami hanyar shiga jikin wani. A ƙasarmu babbar hanya ita ce saduwa tsakanin namiji da mace, ta biyu kuwa daga uwa zuwa jariri. Ciwon sanyi da tunjere da duk wani gyambo a al'aura suna sauƙaƙa mata shiga, don haka a nemi maganinsu a asibiti, miji da mata tare.

Akwai kuma hanyar jini. Ƙarin jinin da ba a gwada ba, allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani a shagon kemis, askar wanzami a wurin kaciya ko tsaga ko ƙaho ko cire beli, rezar mai yankan farce. Waɗannan ba su kai saduwa yawan yaɗa ta ba, amma kiyaye su ba wuya: sabuwar allura da aka buɗe a gabanka, reza taka ta kanka, jini kuwa a tambaya ko an gwada shi.

Ba ta bin miyau, ko gumi, ko hawaye. Ba a ɗaukarta a musafaha, ko cin tuwo kwano ɗaya, ko zama benci ɗaya a majami'a, ko shiga bayan gida ɗaya, ko ruwan baftisma. Ƙoƙon Jibin Ubangiji bai taɓa ba kowa HIV ba. Sauro ma ba ya ɗauka, gama miyansa yake zuba wa mutum, ba jinin wanda ya ciza ba, ƙwayar kuma ba ta rayuwa a cikinsa. Da sauro yana yaɗa ta, da ƙananan yara, waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya fi kamawa, su ne za su fi kowa yawa cikin masu ita. Matar da ta ware wa ƙanwarta kwano da cokali ba ta tsare kowa ba, ta dai ƙara wa marar lafiya baƙin ciki.

Koyarwar ekklisiya a kan kamewa kafin aure da aminci cikin aure tana nan daram, tana kuwa tsare rai. Sai dai aminci na mutum biyu ne. Mata da yawa da ke karɓar magani a asibitocinmu ba su taɓa sanin wani namiji ba sai mijinsu. Akwai waɗanda aka haifa da ita, sun yi girma, yau sun isa aure. Akwai gwauruwar da aka gāda bisa al'ada ba tare da an tambayi abin da ya kashe mijinta ba. A Yohanna sura 9, almajirai sun ga wanda aka haifa makaho, abin da ya fara zuwa bakinsu shi ne neman mai laifi, Ubangiji kuwa ya ƙi ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa. Tambayar "a ina ka samo?" ba ta taɓa warkar da kowa ba, ita ce kuma take hana mutane zuwa gwaji.

Magani ya zama riga-kafi

Hausawa suna cewa riga-kafi ya fi magani. A wannan ciwo an kai inda magani da kansa ya zama riga-kafi, nan ne kuma babban canjin yake.

Dā ana jira sai garkuwar mutum ta yi ƙasa kafin a sa shi a kan magani, ƙwayoyin kuma da yawa ne, masu wahalarwa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ba duk wanda aka samu da ƙwayar magani nan da nan, Nijeriya ta bi a 2016. Yawancin manya suna shan ƙwaya ɗaya tak a rana, wadda ta haɗa magunguna uku, ana kiranta TLD. Ba ta kashe HIV gaba ɗaya, amma tana hana ta hayayyafa. Cikin kimanin wata 6, idan ana sha kullum, yawan ƙwayar a jini yakan sauka har na'ura ta kāsa ganinta. Garkuwa ta farfaɗo, mutum ya koma aikinsa. Wanda ya fara da wuri, ya riƙe da aminci, yana iya kai tsufa kamar kowa.

Ga abin da ya shafi aure. A 2011 aka fitar da sakamakon wani bincike a kan ma'aurata 1,763 a ƙasashe 9, inda ɗaya ke da ƙwayar ɗayan babu. Fara magani da wuri ya rage yaɗuwa da kashi 96 cikin 100. A 2016 wani binciken a Turai ya bi ma'aurata 888 irin waɗannan, waɗanda mai ƙwayar a cikinsu ya riga ya danne ta da magani. Sun sadu wajen sau 58,000 ba tare da kwaroron roba ba, ba a sami ko ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. A kan wannan ne masana suka tsaya: wanda gwaji ya nuna ƙwayar da ke jininsa ta sauka ƙasa da 200, ya kuma ci gaba da shan magani, ba ya ba abokin aurensa ta hanyar saduwa.

A lura da sharaɗin, gama a kansa kome ya rataya. Gwajin yawan ƙwaya a jini ne ke tabbatarwa, jin ƙarfin jiki ba ya isa. Kafin a kai wannan matsayi, ma'aurata su yi amfani da kwaroron roba, wanda ke tsarewa ƙwarai idan an sa shi daidai kowane lokaci. Na san akwai masu jin nauyin ambatonsa a mujallar ekklisiya, amma miji da ya tsare matarsa ta aure daga ciwo bai yi abin kunya ba. Akwai kuma ƙwayar riga-kafi da wanda ba shi da HIV zai iya sha kullum a wannan tsakani. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wata allurar riga-kafi da ake yi sau biyu kawai a shekara; a tambayi asibiti abin da ke hannunsu.

Kwamitin aure da takardar gwaji

To, mu koma ga saurayi da budurwa. Gwaji kafin aure abu ne mai kyau, a ci gaba da shi. Amma yadda ake yinsa a wurare da dama yana bukatar gyara.

Gwajin gaggawa da ake yi da ɗigon jini daga yatsa ba ya ganin ƙwayar da ta shiga kwanan nan. Yakan ɗauki har wata 3 kafin ta bayyana. Gwaji ɗaya ana saura mako biyu biki bai isa ba. A yi tun farkon neman aure, kafin a kai kaya, kafin a sa rana, a sake bayan wata 3. Idan kuma ya nuna akwai, ba a tsayawa a kan na farko sai an tabbatar da na biyu.

Sa'an nan, sakamakon na waye? Na mutum biyun nan ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: tilas kowannensu ya san matsayin ɗan'uwansa, su je tare, su ji tare a gaban mai ba da shawara. Wanda ya ɓoye wa wadda zai aura ya ci amana tun kafin alkawari. Amma ba na dattawa goma sha biyu ba ne da matansu. Inda ake buɗe ambulan a gaban kwamiti, kafin Lahadi mai zuwa labari ya kai kasuwa, yarinya ta daina zuwa sujada, wani lokaci ta bar garin. Sauran matasa kuwa suna kallo, suna koyon darasi: wasu su nemi takardar ƙarya, wasu su tafi su yi aurensu inda ba a tambaya. Ƙa'idar da aka kafa domin tsaro ta koma tana haifar da ɓoyo. Akwai ma doka: a 2014 Nijeriya ta kafa dokar hana wariya ga masu ɗauke da HIV, wadda ta hana korar mutum daga aiki saboda ita, ta kuma hana bayyana matsayinsa ba da izininsa ba.

A ganina abin da ya kamata fasto ya tabbatar shi ne cewa an yi gwaji, kowannensu ya san na ɗayan, sun kuma zauna da likita. Idan bayan wannan ɗaya ya ce ba zai iya ba, kada a tilasta shi, kada kuma a zarge shi. Idan kuwa sun ce sun ji, sun gane, suna son juna, mai ƙwayar yana kan magani, da wane dalili za mu hana su? Dalilin dā shi ne za a kashe marar laifi, a haifi marayu masu ciwo. Wannan dalili magani ya ɗauke shi. A Yuganda, Kanon Gideon Byamugisha na ekklisiyar Angilikan ya rasa matarsa ta fari a 1991, a 1992 ya tsaya a fili ya faɗi cewa yana ɗauke da HIV, shi ne kuwa shugaban addini na farko a Afirka da ya yi haka. Ya sake aure, ya ci gaba da hidima shekaru masu yawa, aka kuma haifa masa 'ya'ya marasa ƙwayar.

Jariri

A nan ne ƙasarmu ta fi rauni. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan jarirai masu kamuwa da HIV a duniya, alhali wannan ce hanyar da ta fi sauƙin toshewa. Idan uwa ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 za su ɗauka, ko a ciki, ko wurin haihuwa, ko ta nono. Da magani, lissafin yana sauka ƙasa da 5. Jaririn da ya ɗauka ba a kuwa ba shi magani ba, kusan rabinsu ba sa kai shekara 2.

Dalilin raunin ba ɓoyayye ba ne. Mata da yawa ba sa zuwa awo, ko kuwa sai ciki ya tsufa; da yawa suna haihuwa a gida, ko wurin ungozoma, ko a gidajen addu'a inda ba a gwada kowa. Wata kuma an gwada ta, an ba ta magani, ta ɓoye shi cikin buhun hatsi don tsoron miji, tana sha yau, gobe ba dama.

Abin da ake bukata shi ne mace ta fara awo da zarar ta gane tana da ciki, a gwada ta, a sake gwadawa kusa da haihuwa. Maigida ya bi ta, shi ma a gwada shi. Wannan ba ladabi kawai ba ne: macen da ta kamu sabo tana da ciki ko tana shayarwa, ƙwayar tana da yawa ƙwarai a jininta a makonnin farko, haɗari ga jariri ya fi girma. Bayan haihuwa ana ba jaririn ruwan magani na kimanin mako 6, ko fiye idan likita ya ga dalili. Ana gwada shi wajen mako 6, a sake a tsakani, gwaji na ƙarshe kuma a wata 18 ko bayan yaye.

Batun nono yana rikitar da iyalai, domin shawarar ta canza. Dā ana cewa a ba da madarar gwangwani. Aka ga inda ruwa ba shi da tsabta, kuɗi kuma ba ya isa, zawo da tamowa suna kashe yaran. Shawarar yanzu ga uwa mai shan magani ita ce nono zalla har wata 6, sa'an nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har aƙalla shekara ɗaya. Zalla na nufin babu ruwa, babu koko, babu jiƙo, gama haɗa nono da wasu abubuwa a watannin farko yana ƙara haɗari. Iyayenmu na Zumuntar Mata, wannan naku ne, domin sau da yawa uwar miji ce ke ɗura wa jariri ruwa tana cewa zafi ya yi yawa.

Addu'a da ƙwayar magani

Ga wani tarko da ya ci masu bi da yawa. Mutum ya sha magani shekara biyu, ya je taron addu'a aka ɗora masa hannu, ya koma asibiti aka ce ba a ga ƙwayar a jininsa ba. Ya tashi ya ba da shaida, jama'a suka yi guɗa, ya zubar da magani. Abin da takardar ke nufi shi ne magani yana aiki. Ƙwayar tana nan kwance a wasu sassan jiki, cikin 'yan makonni da dainawa takan taso, wani lokaci ta taso da taurin kai har maganin farko ya daina kama ta. Mutane ƙalilan ne a duniya aka tabbatar sun rabu da HIV, ta wurin dashen ɓargo mai haɗari da aka yi musu saboda ciwon daji. A 2007 Yahya Jammeh, shugaban Gambiya na lokacin, ya ce ya sami maganin gargajiya, ya sa marasa lafiya suka bar na asibiti. Waɗansu suka mutu, waɗanda suka tsira suka kai shi ƙara a 2018.

Mu yi wa marasa lafiyarmu addu'a, mu kuma tuna musu da lokacin shan magani. Duk mai wa'azin da ya ce barin magani shi ne alamar bangaskiya, rai yake wasa da shi. Mai azumi ma ba ya bukatar tsallake rana: TLD sau ɗaya ake sha, da abinci ko babu, ana iya shirya sa'ar da ma'aikacin asibiti. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, wanda shirin HIV na Nijeriya ya daɗe yana dogara da shi, asibitoci da dama suka girgiza. Darasin da iyali za su ɗauka shi ne a koma karɓar magani tun kafin na hannu ya ƙare, kada a raba ƙwaya biyu don ta daɗe, kada miji da mata su riƙa shan rabon mutum ɗaya.

Sa'a 72

Saura abu ɗaya da kowane uba da uwa da shugaban matasa ya kamata su riƙe a ka. Idan an yi wa yarinya ko yaro fyaɗe, ko allurar da aka yi wa wani ta soki ma'aikacin jinya, ko wani ya faɗa cikin saduwar da yake tsoron sakamakonta, akwai maganin da ke hana ƙwayar kafuwa a jiki. Ana shansa kwana 28, amma tilas a fara cikin sa'a 72, gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. A garuruwan da rikici ya watsa mutane zuwa sansanin gudun hijira, wannan bukata ba baƙuwa ba ce.

Abin da muka saba yi shi ne a rufe ƙofa, a kira dangi, a jira kawu ya zo daga ƙauye, a kai magana gaban dattawa, a nemi yadda za a rufa asiri. Kafin a gama zama, kwana uku sun wuce. A kai ta asibiti tukuna, ko da dare ne, a faɗa wa ma'aikaci abin da ya faru a fili, a roƙi maganin da sunan abin da yake yi. Zaman dangi da na 'yan sanda za su iya biyo baya. Idan abin ya faru daren Jumma'a, wa'adin yana cika daren Litinin.